Jirgin da Ya Tsaya Ƙauran Namoda: Tarihin Hanyarmu Zuwa Birnin Zazzau

 

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, da yawa daga cikinmu 'yan asalin Mandera mazauna Abuja da Kaduna mun saba da shiga jirgin ƙasa tsakanin tashar Idu da ta Rigasa, 'ya'yanmu ma sun saba. Saboda haka duk lokacin da hutun Sallah ya gabato, aka fara ɗaure kaya ana lissafin kuɗin mai da sa'o'in da za a kwashe a kan hanyar Funtuwa da Gusau, ba a rasa yaron da zai dubi mahaifinsa ya ce, “Baba, don me ba za mu shiga jirgi har gida ba?” Akasarinmu mukan ce masa jirgi bai kai can ba, mu ja bakinmu. Amsar gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Layin dogo ya taɓa nufo ƙasar Sakkwato gadan-gadan, ya zo Ƙauran Namoda a shekarar 1929 ya tsaya, har yau kuwa yana nan inda ya tsaya.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun wannan tarihi, mu ga yadda kakanninmu suke zuwa Zariya kafin jirgi da bayan zuwansa, mu duba abin da mai ziyarar yini guda zai amfana da shi a wannan tsohon birni, sannan mu waiwayo gida. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Sakkwato da Zazzau kafin zuwan jirgi

Zumuncin ƙasarmu da Zazzau ya girmi jirgin ƙasa da shekara ɗari. Malam Musa Bamalli, wanda ya karɓi tutar Zazzau daga hannun Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya shiga birnin Zariya a ƙarshen shekarar 1808, wato shekarar da aka ci Alƙalawa. Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, ya yi kudu da jama'arsa zuwa Zuba, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Sunan wannan gari aka ara aka sa wa sabon babban birnin tarayya, tsohon garin kuwa ya koma Suleja. Ashe ke nan duk ɗanmu da ya tashi daga Abuja ya nufi Zariya, hanyar da Makau ya bi yake maimaitawa, sai dai shi arewa ya fuskanta.

A daidai wannan zamani, cibiyar daular tana nan maƙwabtanmu. Shehu ya bar Gwandu ya zauna Sifawa har zuwa 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello kuwa ya gina Sakkwato a 1809. A lokacin zaman Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba kula da daular tsakanin Abdullahi da Bello, Zazzau ta faɗa ɓangaren gabas. Tun daga nan Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar sarakunan Zazzau. Manzanni suna kai da kawo da wasiƙu, ana kai gaisuwa da haraji, almajirai suna tafiya neman ilmi, fatake suna kora jakuna da takarkarai.

Tafiyar ba ta wasa ba ce. Ana yin ta a ƙasa ko bisa dabba, zango-zango, a kwashe kwanaki masu yawa. Matafiyan da ke bin hanyar gabas sukan ratsa dajin Gundumi, wanda ba ruwa cikinsa, ga tsoron mahara. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya ratsa shi a 1853, ya kuma ba da labarin yadda ayarinsu ya yi tafiyar yini da kwana ba tare da yada zango ba. Ko a zamanin Turawa, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, da ƙafa ɗaliban Sakkwato suke zuwa, tafiyar kimanin mako guda.

Yadda diga ta shigo Arewa

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 a filin Giginya. Shekara uku bayan haka aka yi yaƙin Satiru, wani ƙauye da ke kudu da Sakkwato, wajen Dange da Dancadi, wato ba nisa da mu. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Kafin Gwamna Lugga ya tattaro dakaru daga nesa su iso a ƙasa, sai da aka yi fiye da mako uku, sannan aka rushe garin ranar 10 ga Maris, aka hallaka mutane masu ɗimbin yawa. Wannan lamari yana cikin abubuwan da suka nuna wa Turawa cewa ƙasar da suka kama ta fi ƙarfin dawaki da 'yan alaro.

Babban dalili kuwa shi ne ciniki. Masaƙun Ingila suna ƙishirwar auduga, ƙungiyarsu ta noman auduga da aka kafa a 1902 ta sa rai cewa Arewa za ta wadatar da su. A 1907 aka naɗa Sir Percy Girouard ya gaji Lugga. Shi injiniyan soja ne ɗan Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. A hannunsa aka fara layin da ya taso daga Baro, bakin kogin Kwara, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911. Layin da ya taso daga Ikko, wanda ya kai Ibadan a 1901 da Jebba a 1909, ya zo ya haɗu da shi, a 1912 aka buɗe zirga-zirga tun daga Kano har bakin teku. Abin mamaki, gyaɗa ce ta cika taragun maimakon audugar da aka yi tsammani, domin manoman Kano sun ga ta fi riba.

Kada mu manta da waɗanda suka yi aikin da hannuwansu. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara talakawa, sau da yawa ba da son ransu ba, su sare daji, su haƙa ƙasa, su ɗauke ta da kwanduna a ka. Daga sunan kayan haƙan nan ne aka sami kalmar “aikin diga”. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, ya ga wannan aiki da idonsa a ƙasarsa, har ya tsara Waƙar Diga a kansa.

Reshen Gusau da Ƙauran Namoda

Bayan yaƙin duniya na farko, Turawa suka juyo ga ƙasar audugar da ke yamma da Zariya. Aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. A shekara mai bi masa aka kai wani reshen daga Kano zuwa Nguru. To, a wannan shekara ta 1929 ne tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa da auduga da fatu ya faɗi warwas, gwamnatin mulkin mallaka ta tsuke bakin aljihu. Ba a sake shimfiɗa wani dogon layi a Arewa ba sai wanda aka fara a 1958, ya isa Maiduguri a 1964. Da aka tashi ci gaba, gabas aka nufa, Sakkwato ta ci gaba da jira.

In muka dubi taswira za mu fahimci hikimar da aka bi. An shimfiɗa dogon ne domin ya kwashi amfanin gona ya kai teku, ba domin ya haɗa tsofaffin biranenmu da juna ba. Inda kaya suka fi yawa nan ya nufa. Katsina da Daura da Argungu da Gwandu da Sakkwato duk ba su samu ba. Garuruwan da ya ratsa kuwa suka bunƙasa. Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ta cika da kantunan Turawa da na Kwara, aka kafa injin gurzar auduga, baƙi daga kudu suka kafa Sabon Gari. Muhimmancinta ya kai har a 1938, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya hau mulki, aka tura Sardauna Ahmadu Bello can ya kula da gundumomin gabas. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda ta daɗe tana ratsa hamada bisa raƙuma har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, ta koma bin mota zuwa Gusau, daga nan jirgi ya kai ta Ikko. Goro da gishiri da kananzir da atamfa suka riƙa biyo hanyar suna hawowa.

Ga mutumin Mandera ko Shagari ko Yabo, zuwa Zariya a wancan zamani ya zama tafiya mai hawa uku. Da farko ya isa Sakkwato ta hanyar Boɗinga. Daga nan ya hau bayan babbar mota, bisa buhuna, ta bi da shi Dange da Tureta da Talatar Mafara da Bunguɗu, tafiyar fiye da kilomita 200. In ya isa Gusau ya kwana a tasha ko gidan wani ɗan'uwa, ya jira ranar da jirgi zai tashi, ya yanki tikiti ya shiga. Wannan ita ce hanyar ɗaliban lardin Sakkwato masu zuwa Kwalejin Kaduna, makarantar da marigayi Shugaba Shehu Shagari ya yi karatu daga 1941 zuwa 1944, wadda ta taso daga Katsina a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa. Ita ce kuma hanyar wasu 'yan cin rani da sojoji da masu fataucin shanu. Mutumin Funtuwa yana kusa, yana iya leƙa Zariya ya koma gida da wuri. Namu kuwa sai ya yi guzurin kwanaki, ya yi sallama da iyali.

Abin da yini guda zai nuna mana a Zariya

A yau ɗanmu mazaunin Abuja yana da damar da kakansa bai samu ba. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, an buɗe shi a watan Yuli 2016. Wanda ya shiga jirgin safe daga Idu ko Kubwa zai sauka Rigasa da hantsi, ya hau mota tafiyar kimanin kilomita 80 zuwa Zariya. In ya kiyaye lokaci, ya kuma tanadi tikitin komawa tun da wuri, zai iya kwana a ɗakinsa. Mazauna Kaduna kuwa abin ya fi musu sauƙi. Sabon layin Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara shi ya bi ta Zariya.

Muna ba da shawara a fara da tsohuwar tashar jirgi da ke Sabon Gari, domin a nan yaro zai ga inda reshen Gusau ya rabu da babban layi, ya ga siririn dogon da kakanninsa suka hau, mai faɗin ƙafa uku da rabi, ya gwada shi da faffaɗan da ya hau da safe. Sabon Gari kansa jirgi ne ya haife shi, domin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa baƙi ne suka fara zama a wurin. Daga nan a bi ta Tudun Wada a shiga birni ta Ƙofar Doka, a dubi abin da ya rage na ganuwa. A nuna wa yara sauran ƙofofi, kamar Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona, a gaya musu cewa kowace da hanyar da take fuskanta da tarihinta.

A tsakiyar birni akwai fadar Sarkin Zazzau. A nan ya kamata a bayyana wa yara gidajen sarauta huɗu: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da yadda Sakkwato take da hannu wajen naɗin sarakunansu a ƙarni na 19. Sarkin da aka naɗa a watan Oktoba 2020, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, daga gidan Mallawa ya fito, wato zuriyar Malam Musa mai tuta, bayan gidan ya yi kimanin shekara ɗari rabonsa da sarauta. Kusa da fada ne masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, ginin da masana na duniya suka yaba da bakan-gizonsa. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu. Wannan kaɗai ya isa ya tuna mana cewa kayan tarihi ba sa jiran mai jinkirin ziyara.

In lokaci ya rage, a leƙa Kamfanin Gaskiya, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939, marigayi Abubakar Imam yana editanta. A wuce ta Barewa, a hango dutsen Kufena da ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina, a ƙarasa Samaru inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Yaron da ya ga waɗannan da idonsa, darasin tarihi ya daina zame masa hadda, domin gani ya kori ji.

Yadda muka yi nisa da dogo

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, jirgi yana kan ganiyarsa. Bayan samun man fetur, noman gyaɗa da auduga ya ja baya, aka mai da hankali ga titunan mota, tireloli suka ƙwace dakon kaya. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe hukumar na 'yan shekaru, abubuwa suka ɗan farfaɗo, bayan tafiyarsu aka koma gidan jiya. Sannu a hankali jirgin Ƙaura ya daina zuwa yadda ya saba, ciyawa ta rufe dogo a wurare da dama. Sai kuma ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau da Ƙauran Namoda suka tafi da ɗan abin da muke taƙama da shi. Tun daga ranar, Jihar Sakkwato ba ta da ko taku ɗaya na layin dogo.

Ba mu ce jirgi maganin kowace cuta ba ne. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga sun kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari, suka kashe mutane, suka sace fiye da sittin, ba a koma aiki ba sai watan Disamba na shekarar. Amma duk wanda ya san fargabar da muke shiga tsakanin Funtuwa da Tsafe da Gusau, da yawan 'yan'uwanmu da suka rage zuwa gida saboda ita, ya san amfanin samun hanya ta biyu. Alhazanmu sun ga jirgin Haramaini da aka buɗe a 2018, wanda ke cin kimanin kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin ƙasa da sa'a uku. Maƙwabtanmu na Katsina da Daura, waɗanda dogon Turawa ya tsallake kamar mu, an sa su cikin layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021. Birnin Shehu ne ya rage.

Abin da ya rage gare mu

Tarihi ya nuna cewa yawon buɗe ido na yini guda a jirgi daga wata ƙungiya ya samo asali. Ranar 5 ga Yuli 1841 wani Bature mai suna Thomas Cook ya shirya wa 'yan ƙungiyarsu ta masu yaƙi da shan giya tafiya daga Lesta zuwa wani gari na kusa, mutum kimanin 500, kowa ya biya sule guda, suka je suka dawo a yini ɗaya. Daga wannan ƙaramin shiri babbar sana'a ta tsiro a duniya. Ƙungiya irin tamu ba ta gaza yin kwatankwacinsa ba.

Muna kira ga rassanmu na Abuja da Kaduna su ware rana ɗaya a dogon hutu, su haɗa kuɗi su kai 'ya'yanmu Zariya, tare da malamin da ya san tarihi. Muna kuma kira a yi irin wannan a gida lokacin Sallah, ko da babu jirgi. Daga Mandera, yini guda ya isa a je Sifawa a ga inda Shehu ya zauna ya karantar, a tsaya Boɗinga garin Malam Abdullahi, a shiga Sakkwato a ziyarci Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, a leƙa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, a dawo kafin Magariba. Abin kunya ne a ce ɗanmu ya san tashar Rigasa bai san Sifawa ba, alhali baƙi daga ƙasashe masu nisa suna zuwa takanas domin ita. Sannan muna roƙon 'yan'uwanmu da Allah Ya ɗaukaka a aikin gwamnati da majalisu su riƙa tuna wa hukuma zancen kawo dogo Sakkwato, a rubuce, a duk inda ake tsara kasafin kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai mun haɗa kai da ƙungiyoyin Shagari da Boɗinga da Yabo da sauran maƙwabta.

Kammalawa

Nan gaba in yaro ya sake tambayarmu dalilin da ya sa jirgi bai kai gida ba, muna da abin faɗa masa: an shimfiɗa shi domin auduga da gyaɗa, kuɗi suka ƙare a 1929, waɗanda suka biyo baya kuma ba su ƙarasa ba. Mu kuma gaya masa cewa kakanninsa ba su jira jirgi ba kafin su nemi ilmi da arziki da zumunci a Zazzau da wuraren da suka fi ta nisa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya tsare matafiyanmu a hanya, Ya nuna mana ranar da za mu sauka tashar jirgi a birnin Sakkwato. Amin.